Yadda Ake Zama Ma'aikacin Ɗaukar Hoto da Maganin Nukiliya ta Kwalejin Al'umma a Amurka

A manyan asibitocin Amurka akwai wani sashe da ke can ƙuryar ɓangaren ɗaukar hoto, a ƙofarsa an manna alama rawaya mai fuka-fukai uku. Nan ne sashen likitancin nukiliya. Likita ne ke karanta hoton ya faɗi abin da ke damun majiyyaci, amma wanda ke auna maganin, ya yi allurar, ya kwantar da mutum a ƙarƙashin kyamara har hoton ya fito, wani ma'aikaci ne daban, kuma digirin shekara biyu na kwalejin al'umma (community college, wato kwalejin gwamnati mai karatun shekara biyu) ya isa ya kai mutum wannan matsayi. Hukumar ƙididdigar ƙwadago ta Amurka ta ce a watan Mayun 2023 albashin tsakiya na masu wannan aiki dala 92,500 ne a shekara, wato rabinsu na samun fiye da haka, rabi ƙasa da haka.

Mutanenmu da ke zaune a Nuyok, Meriland, Teksas da sauran jihohi sun san hanyar aikin jinya da ta kula da tsofaffi, amma ba kasafai ake jin wani ya nufi wannan fanni ba, alhali yaranmu da yawa na da kan lissafin da ake bukata. Sai dai a san abu guda tun daga farko: shiga kwalejin al'umma ba wuya, ƙofarta a buɗe take ga duk mai takardar gama sakandare. Kwas ɗin ne ke da ƙaramar ƙofa. Fannin ƙarami ne, ma'aikatansa a duk faɗin ƙasar ba su kai dubu 20 ba a 2023, kuma aji guda ba ya ɗaukar ɗalibai fiye da guraben koyon aiki da asibitocin yankin suka bayar. Wanda bai shirya ba sai ya share shekara biyu yana zagaye a bakin ƙofa.

Mataki na farko: ka san aikin kafin albashin ya ja ka

A hoton eksire na yau da kullum, na'ura ce ke harba radiyeshan ya ratsa jiki, sai a ga siffar ƙashi. A nan kuwa akasin haka ake yi. Ana sa wa majiyyaci ɗan magani mai fitar da radiyeshan, yawanci ta jijiyar jini, wani lokaci ya haɗiya ko ya shaƙa. Maganin ya tafi ya taru a gaɓar da ake son dubawa, kyamara kuma ta tsaya a waje tana tattara abin da ke fitowa daga jikin. Abin da hoton ke nunawa shi ne yadda gaɓar ke aiki: ko jini na isa ga tsokar zuciya, ko ƙoda na tacewa, ko matsarmama ta toshe, ko sankara ta bazu zuwa ƙashi. Kyamarar da ake wannan aiki da ita, wadda ake kira gamma camera, Hal Anger ne ya ƙirƙiro ta a Kalifoniya a shekarun 1950, kuma har yau a kan tsarinta aka gina yawancin na'urorin sashen. Daga baya aka samu na'urar SPECT mai zagaya jiki, da na'urar PET wadda yanzu ake haɗa ta da CT (hoton eksire mai nuna jiki yanki-yanki) a na'ura guda, ita ce kan gaba wajen bibiyar ciwon daji.

Kafin ka biya ko sisi, nemi izinin bin wani ma'aikaci a asibiti na yini ɗaya ko biyu. Kwalejoji da dama ma sun sa wannan cikin sharuɗɗansu. Ka je ka ga yawan tsayuwar, da ɗaga marasa lafiya daga gado zuwa teburin kyamara, da neman jijiya a hannun tsohuwar da maganin sankara ya busar wa jijiyoyi. Ka kuma ga cewa maza da mata duk za su biyo ta hannunka, kuma sai ka taɓa su. Idan hakan zai yi maka nauyi, gara ka sani yanzu.

Mataki na biyu: kwas ɗin da aka amince da shi

A nan ne aka fi yin asara, saboda haka kada a yi gaggawa. Akwai hukumar da ke tantance kwasa-kwasan wannan fanni, ana kiranta JRCNMT, kuma a shafinta na intanet akwai jerin duk makarantun da ta amince da su, jiha-jiha. Daga wannan jeri za ka fara, ba daga tallan makaranta ba. Dalili kuwa shi ne, takardar kwaleji kaɗai ba ta ba ka damar aiki. Sai ka ci jarrabawar ƙasa, kuma hukumomin jarrabawar ba sa karɓar kowa sai wanda ya fito daga kwas ɗin da suka yarda da shi.

Cikin kwalejojin al'umma da aka san su da wannan kwas akwai ta Bronx a birnin Nuyok, unguwar da 'yan Afirka ta Yamma suka yi yawa, da ta Prince George's a Meriland, da ta Hillsborough a Tampa ta jihar Fulorida, da ta Cuyahoga a Cleveland, da ta Houston a Teksas. Amma kwas na buɗewa, kwas na rufewa, shi ya sa jerin hukumar na ranar da kake nema shi ne abin dogaro.

In ka ware biyu ko uku, kira daraktan kwas ɗin ka yi masa tambayoyi kai tsaye. Mutum nawa ke nema, nawa ake ɗauka? Cikin waɗanda suka fara, nawa suka gama? Nawa suka ci jarrabawar ƙasa a zaman farko, nawa suka samu aiki? Kwasa-kwasan da aka tantance na ajiye waɗannan alƙaluma, ba sirri ba ne. Sai tambayar da mutane ke mantawa: a waɗanne asibitoci ake koyon aiki, kuma nisansu nawa daga gidanka? Ba kai ke zaɓar asibitin ba. Ana iya tura ka inda sai ka yi tafiyar sa'a guda da rabi, kuma a ce ƙarfe 6:30 na safe kana ciki.

Mataki na uku: takardu da darussan share fage

Wanda ya yi sakandare a Amurka, takardarsa ko GED, wato shaidar da ke madadin ta gama sakandare, ta isa. Wanda ya zo da sakamakon WAEC ko NECO, ko bakaloriya ta Nijar, Kamaru ko Cadi, ko ma digirin jami'ar gida, kwalejin za ta nemi ya kai takardun wata cibiyar tantancewa irin su WES ko ECE. Tambayi ofishin ɗaukar ɗalibai wacce suke karɓa kafin ka biya. Wannan na cin makonni, wani lokaci watanni, musamman idan sai makarantarka ta gida ta aika da takardun da kanta. Ka fara da wuri. Ana kuma iya yi maka gwajin Turanci da lissafi don a san ajin da za ka fara.

Ga wanda yake gida yana tunanin tahowa, sai kwalejin ta ba shi takardar I-20 kafin ya nemi bizar ɗalibai ta F-1, sai ya nuna kuɗin shekara guda a banki, kuma kuɗin makarantar baƙo ya ninka na ɗan gari. Tun daga 2025 an tsananta dokokin biza a kan ƙasashe da dama na yankinmu, saboda haka a fara duba halin da ake ciki a ofishin jakadanci. Gaskiyar magana, wannan hanya ta fi sauƙi nesa ba kusa ba ga wanda ya riga ya samu takardar zama.

Darussan share fage kusan iri ɗaya ne ko'ina: ilimin sassan jiki da aikinsu kashi na ɗaya da na biyu tare da ɗakin gwaji, aljabara ta matakin kwaleji, kimiyyar sinadarai, fiziks, kalmomin likitanci, da rubutun Turanci. Waɗannan kan ci shekara guda. Ke nan "shekara biyu" da ake faɗa, a aikace kusan uku ne ga yawancin mutane. Wasu kwalejoji kuma ba sa karɓar darasin kimiyya da ya tsufa, in ya wuce wasu shekaru sai an sake.

Shawarata a nan: kada ka cika wa kanka kaya. Makin da ka samu a waɗannan darussa shi ne kusan duk abin da za a auna ka da shi. C na iya sa ka wuce darasi, amma ba lalle ya ba ka gurbi ba idan na gabanka sun zo da A. Gara ka ɗauki kimiyya ɗaya ko biyu a zango ka ci da kyau, da ka haɗa huɗu kana aikin dare ka fito da maki tsaka-tsaki. Sannu ba ta hana zuwa.

Mataki na huɗu: neman gurbi

Takardar neman kwas ɗin daban take da ta shiga kwaleji, kuma yawanci sau ɗaya ake karɓa a shekara. In ranar ta wuce, sai baɗi. Da yawa suna jera masu nema ne bisa maki: sakamakon darussa, wani lokaci jarrabawar TEAS ta shiga karatun fannin lafiya, ganawar baki, da ƙarin maki ga wanda ya taɓa aikin asibiti. Halarci taron bayani da sashen ke shiryawa, ka nemi takardar yadda ake lissafa makin. Ka nemi kwaleji fiye da ɗaya idan nisa ya bari.

Bayan an ɗauke ka sai binciken tarihin laifi, gwajin ƙwayoyi, takardar koyon farfaɗo da zuciya da numfashi, da shaidar rigakafi: ciwon hanta nau'in B, ƙyanda, ƙarambau, da sauransu. Ga wani abu da ya shafe mu musamman. Yawancin waɗanda aka haifa a Najeriya, Nijar ko Gana an yi musu lambar BCG suna jarirai, kuma wannan na iya sa gwajin tarin fuka na fata ya nuna kamar akwai cutar alhali babu. Gaya wa ma'aikacin lafiya tun farko, ka nemi gwajin jini irin QuantiFERON, wanda lambar ba ta rikita shi. Wanda kuma ya taɓa samun matsala da kotu, ko da ƙarama ce, hukumar ARRT, ɗaya daga cikin masu shirya jarrabawar ƙasa, na da tsarin duba lamarin tun kafin mutum ya yi nisa a karatu. A yi amfani da shi. Ɓoyewa ta fi laifin illa.

Mataki na biyar: kuɗi, da lokaci

'Yan ƙasa da masu katin zama na dindindin su cike FAFSA, takardar neman tallafin karatu na gwamnatin tarayya. Tallafin Pell, wanda ba a biya, ya kai dala 7,395 a shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 ga wanda ya cancanci cikakkensa, kuma a kwalejoji da dama wannan na rufe kuɗin makarantar ɗan gari. Mai bizar F-1 ba ya cikin wannan. Ƙungiyar ƙwararrun fannin, SNMMI, na da guraben tallafi ga ɗalibai. A lissafa har da littattafai, kayan aiki, kuɗin mota da na jarrabawa.

Lokaci ya fi kuɗin makarantar wuyar samu. Da an shiga koyon aiki, mako na iya cinye kwana uku zuwa biyar a asibiti, daga safe har yamma, kuma ba a biyan ko kwabo. Aikin cikakken lokaci ba ya haɗuwa da wannan. Zauna da iyalinka, da waɗanda kake aika wa kuɗi gida, ka gaya musu cewa na wani lokaci hannunka zai yi sanyi. In an yi maganar tun farko, kowa zai ɗaure; in an bar ta sai tsakiyar zango, karatun ne ke shan wuya.

Mataki na shida: abin da za ka tarar a aji

Za a koya maka fiziks na radiyeshan, yadda yake shafar ƙwayoyin jiki, haɗa magunguna, na'urori da gwada lafiyarsu, karanta hoton jiki yanki-yanki, kula da majiyyaci, da dokokin hukumar NRC mai sa ido a kan harkar nukiliya. Amma abin da ke riƙe da komai shi ne wannan: maganin da ke hannunka yana raguwa a kowane minti, kamar ƙanƙara a hannun mai talla, sai dai shi raguwarsa tana da lissafi daidai.

Teknishiyam-99m, sinadarin da aka fi aiki da shi a waɗannan magunguna, ƙarfinsa na komawa rabi duk bayan sa'a 6. Ana tatso shi ne daga molibdinam-99 mai komawa rabi a sa'a 66, tsarin da aka gano a ɗakin binciken Brookhaven a 1958. Fulorin-18 na hoton PET minti 110 ne. Rubidiyam-82 na hoton zuciya daƙiƙa 75 kacal. Aidin-131 kuwa, da ake maganin cututtukan tayirod da shi tun 1941, kwana 8 yake ɗauka.

Ga yadda abin yake a aikace. Likita ya rubuta milikuri 25 (ma'aunin ƙarfin maganin) na teknishiyam don hoton ƙashi, an auna sirinjin don ƙarfe 9 na safe. Majiyyaci ya makara, bai iso ba sai 11. Cikin sa'a biyu ƙarfin ya ragu zuwa kusan kashi 79 cikin ɗari, wato milikuri 19.8. Ƙa'idar NRC ita ce kada abin da aka ba mutum ya kauce wa abin da aka rubuta da fiye da kashi 20 cikin ɗari, sai da umarnin likitan da ke da izini. Kashi 20 ƙasa da 25 shi ne 20. Ke nan sirinjin ya faɗo ƙasa da iyaka da ɗan kaɗan, kuma ba za ka soka shi haka kawai ba. Sai ka je ga likita ko ka nemi sabo. Irin wannan lissafi za ka yi ta yi har ya zauna maka. Wanda aljabararsa ke rawa, musamman logaridam, ya gyara ta kafin zangon farko. Kwalejoji na da cibiyar ƙarin darasi kyauta, kuma zuwa can ba abin kunya ba ne.

Mataki na bakwai: asibiti

Safiya a sashen tana farawa ne a ɗan ɗakin da ake ajiye magunguna. Akwatunan da kantin magungunan nukiliya ya kawo da asuba suna jira. Za a auna su da na'urar gano radiyeshan, a goga jikinsu da ɗan ƙyalle a gwada ko wani abu ya zuba, a rubuta. Sai a gwada na'urar auna magani da wani ma'auni da aka san ƙarfinsa, a ɗauki hoton gwaji da kyamara don a tabbatar fuskarta na gani daidai ko'ina. Duk wannan kafin majiyyaci na farko. Zuƙo magani kuma a bayan garkuwar dalma mai tagar gilashi ake yi, sirinjin na cikin kwanso mai nauyi, hannu da safa. Kwanakin farko hannu zai yi ta rawa saboda nauyin kwanson da ƙarancin gani. Yana wucewa.

Kowane gwaji da tsarinsa. Mai hoton ƙashi a yi masa allura, ya je ya sha ruwa da yawa, ya dawo bayan sa'a biyu zuwa huɗu. Mai PET ya zo da azumin wasu sa'o'i, a auna sukarin jininsa, a yi allura, ya kwanta shiru kusan sa'a guda a ɗaki mai ɗumi, ba hira ba taunar cingam, domin tsokar da ta motsa za ta ja maganin ta ɓata hoton. Akwai ma gwajin saurin narkar da abinci, inda za ka dafa farin ƙwai da aka zuba wa maganin, majiyyaci ya ci da burodi, a riƙa ɗaukar hoto har sa'a huɗu.

Za a ba ka jerin gwaje-gwajen da dole ka yi da hannunka a gaban ƙwararre ya sa hannu. Kada ka bar su su taru. Riƙe ƙaramin littafi a aljihu, domin kowane asibiti da ɗan bambancin tsarinsa, amma kada sunan majiyyaci ko lambarsa su shiga ciki. Dokar sirrin marasa lafiya ta HIPAA ba ta da sassauci, kuma ana korar ɗalibi a kanta. Kafin kowace allura, tabbatar da suna da ranar haihuwa, ka sake karanta takardar sirinjin, ka tambayi mace mai shekarun haihuwa ko tana da ciki ko tana shayarwa. Magani in ya shiga jijiya ba ya dawowa.

Batun sallah, Juma'a, azumi da hijabi, a same shi da mai kula da koyon aiki tun makon farko, cikin ladabi kuma a fili. Yawancin sassa na iya shirya hutun rana yadda zai dace idan an sanar da wuri. Ka kuma ɗauki kowane asibiti a matsayin wurin da zai iya ɗaukar ka aiki, domin a ƙaramin fanni irin wannan kowa ya san kowa, kuma wanda ke zuwa a kan lokaci yana share ɗaki ba tare da an ce masa ba, ana tuna shi.

Tambayar da iyaye za su yi

"Wannan abin ba zai hana ka haihuwa ba?" Za a yi maka ita, kuma ta cancanci amsa ta gaskiya. Radiyeshan mai yawa na da illa, shi ya sa aka kafa iyaka. Dokar Amurka ta kayyade wa ma'aikaci milisibat 50 a shekara (milisibat shi ne ma'aunin radiyeshan da jiki ya samu), kuma masu bin ƙa'ida yawanci ba sa ko kusantar wannan. Za ka riƙa saka ɗan bajo a ƙirji da zobe a yatsa masu auna abin da jikinka ya samu, ana karanta su a kai a kai, kana da haƙƙin ganin sakamakon. Kariyar uku ce: rage lokacin da kake kusa da maganin, ƙara tazara, da amfani da garkuwa. Tazarar na da ƙarfi ƙwarai: in ka ninka nisanka sau biyu, abin da ke iso ka ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ba a ci ba a sha a ɗakin magani. Mace mai ciki, idan ta zaɓi sanarwa a rubuce, iyakar abin da zai kai ga jaririn milisibat 5 ne a duk tsawon cikin, kuma ana ba ta ƙarin bajo a ƙugu. Abin da ya fi cutar da ma'aikaci shi ne sabo, ranar da ya fara ganin kwanson sirinji na ɓata masa lokaci.

Mataki na takwas: jarrabawa da lasisi

Hukumomi biyu ke ba da shaidar ƙwarewa. NMTCB, wadda aka kafa a 1977 don wannan fanni kaɗai, tana ba da laƙabin CNMT. Jarrabawarta a kwamfuta ake yi, kuma tambayar gaba na dogara ne da yadda ka amsa ta baya. ARRT kuma, wadda tun 2015 ta wajabta aƙalla digirin shekara biyu, tana ba da dama sau uku cikin shekara uku. Yawancin asibitoci na karɓar kowacce, amma ɗalibai da yawa na zama duka biyun, kuma in aljihu ya bari ina ganin hakan ya fi. Ka zauna cikin makonnin farko bayan kammalawa, tun karatun na da ɗumi.

Sai lasisin jiha. Jihohi da yawa, ciki har da Nuyok, Teksas, Kalifoniya da Fulorida, na da nasu, wasu kuma shaidar ƙasa ta ishe su. Duba ta jihar da za ka zauna. Bayan haka akwai karatun sabunta ilimi, sa'a 24 duk shekara biyu.

Aikin farko

Mai yiwuwa ba zai zo yadda kake so ba. Wasu na farawa da aikin kira-in-an-bukata, ko a asibitin likitocin zuciya, ko a motar PET mai yawo tsakanin ƙananan garuruwa. A manyan asibitoci kuma akwai jiran kiran dare da ƙarshen mako, don gwajin gaggawa na huhu, matsarmama ko zubar jini a hanji. Wanda zai iya ƙaura zuwa wani gari ya fi saurin samun gurbi na dindindin.

Abu na farko da ya kamata ka ƙara shi ne shaidar CT, wadda hukumomin biyu duk suna bayarwa, domin sababbin na'urori a haɗe suke zuwa kuma masu ɗaukar aiki na neman mai iya duka biyun. NMTCB na da ƙarin jarrabawa a PET, hoton zuciya da tsaron radiyeshan. Ɓangaren warkarwa ma na bunƙasa: an amince da maganin Lutathera a 2018 da maganin Pluvicto a 2022, dukansu na lutishiyam-177 ne, na biyun don sankarar furostet da ta bazu. Idan cikin asibitocin kwas ɗinka akwai mai ba da waɗannan magunguna, roƙi mai kula da koyon aiki ya sa ka a can ko da na makonni kaɗan ne, ka kuma tabbatar an rubuta shi a takardar ayyukan da ka yi.